Kafin a Kayar da Eriyata

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, mai unguwarmu, liman da na'ibinsa, 'yan canji da 'yan kabu-kabu, iyayenmu mata da ke saurare ta bayan zana, da maƙwabcina Malam Halliru wanda ya kai ƙarata, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Na gode da kunka bar kasuwa kunka taru saboda ƙarfen da ni Attahiru na kafa a ƙofar gidana. Ko ranar ɗaurin aurena ban ga jama'a haka ba.

An ce eriyar rediyona na aika saƙo tana kwashe asirin Illela tana kai wa Konni, can tsallaken iyaka, don haka a kayar da ita. To, ku saurara.

Na farko, ko magana ba na yi. Kwamfuta ke mayar da haruffa su zama wani siririn fito, fiton ya tashi, wani mai irin sha'awata a Japan ko Brazil ya kama. Ga dukan hirarmu: lambar kirana, lambar kiransa, ƙarfin sigina, sai "saba'in da uku", wato sai wani jiƙon. Ran da na ce bari in gaishe da wani Bajapane gaisuwar Sakkwatawa, na'urar ta datse ni a "ina kwana, ina". Har yau bawan Allah bai san ina mi ba. Jama'a, na'urar da gaisuwa ta yi wa yawa, ita za ta ɗauki asirin gari?

Na biyu, fiton nan sama yake yi, ya sauka bayan teku. A Konni kuwa ban taɓa samun ko mutum ɗaya da ya amsa mini ba. Amma a yi magana a teburin mai shayi, kafin shayin ya huce ta hau babur ta tsallaka iyaka. Wannan sigina mai ƙarfi, Malam Halliru, ba daga gidana yake tashi ba.

Na uku ba na wasa ba ne. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, ni da na yi fatauci har Agadas, masallaci ma sai an kama ni. Ƙarfen nan ne ƙofar da ta rage mini, ƙofar da ba a rufewa. Wallahi in kunka kayar da shi zan ji ciwo, ciwon da ya fi na ƙafa.

Duk da haka, hukunci naku ne. Roƙona ɗaya: a ba Malam Halliru lokaci ya kwance ragonsa da ke ɗaure a gindin eriyar tun bara, iyalinsa kuma su kwashe shanyarsu daga igiyarta.

Allah ya zaunar da Illela lafiya, ya buɗa kasuwarmu, ya tsare mana asirinmu daga bakunanmu, ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.