Motar Kai Gawa Ta Ɗauke Ni da Raina

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ni ce Rifkatu ta Tungan Maje. Ku yi haƙuri zan yi magana a zaune, ƙafafun ba su yarda da ni ba tukuna.

Shekarun baya ƙodata ta gaza, likita ya ce sai wankin ƙoda a Gwagwalada sau biyu a mako. Injin bai taɓa ba ni tsoro kamar hanya ba. In an gama wanki jiri ke ɗibata. Masu tasi da sun ga idona sai su ce, "Madam, ba wuri," kada in mutu musu a mota. Sai maigidana ya ɗora ni a mashin, ya goya ni da zani kamar jaririya. Ni mai jikoki!

Wata rana zanin ya kwance. A bakin titi na farfaɗo, baki duk jini. Daga nan na daina zuwa. Jiki ya kumbura, numfashi ya fara gagarata, na yi fushi da Allah har na bar addu'a.

Hannatu, 'yar zumuntar matanmu da muke bin layin wankin ƙoda tare, ita ma hanyar ta gagare ta. Ta rasu.

Motar ikilisiyar nan ce ta ɗauki gawarta. Kun san ta, tana gindin mangwaro duk mako, har kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, don dokarmu ta ce Lahadi da jana'iza kawai. Da aka dawo daga maƙabarta na dafa motar, na fashe da kuka: "Ya Ubangiji, sai na mutu zan shiga?"

Nan take Ubangiji ya sa mini magana a baki. Na tari Dattijo Ayuba na ce, "Baba, ni ma ina da tafiya ɗaya a motar nan. Ku ba ni ita yanzu."

Sai ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Tun daga wancan makon motar ke kai mu asibiti, mu masu wankin ƙoda, har da wani maƙwabcinmu Bafulatani. Ban warke ba, 'yan'uwa, amma ina numfashi. Godiya ga Yesu! Ku dogara gare shi, yana ji, ku kuma buɗe baki tun da sauran lokaci.

Kujerar bayan direba nake zama. Ta gefena ban iya kallonta har yau, da ta Hannatu ce, da tana raye.