Motar da Ba Ta Dawo Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Saratu, ina karatu a nan unguwar Setapak, nesa da ƙasarmu. Kun saba ganina ina rera waƙa a gaba, amma ba ku san abin da na daɗe ina riƙe da shi a zuciya ba.

A Kamaru na girma, a wani garin bakin teku da Turawan mulkin mallaka suka gina a gindin dutse. Babana mai gadi ne a gonar kwakwar manja, yana fama da ciwon asma. Ranar da dutsen ya yi aman wuta, toka ta rufe ko'ina, ƙirjin Baba ya toshe. Maƙwabcinmu Danjuma, ɗan cocinmu, shi kaɗai ke da mota, ya cika ta da buhunan koko. Mama ta durƙusa masa ya kai Baba asibiti. Ya ce, "Bari in sauke kaya, yanzu zan dawo."

Baba ya rasu a kan tabarma a bakin titi, idonsa na kan hanya.

Ba zan ɓoye muku ba, tun daga ranar addu'ata ɗaya ce: Allah ya sa Danjuma ya ɗanɗana.

Bayan shekaru, sai ga 'yarsa Rifkatu ta zo karatu nan. Bara, da hayaƙin nan ya rufe gari har ba a ganin benaye, ta kira ni da rana, da ƙyar muryarta ke fita. "Anti, asmata ta tashi, maganina ya ƙare. Ki taimaka ki kai ni asibiti."

Na ce, "Ga ni nan zuwa." Na ajiye makullin mota, na zauna, na buɗe shinkafar da na yi tapau, wato na sayo a ƙunshe. Daɗi na ji, 'yan'uwa! Na so a kira ubanta a gaya masa yadda ta jira.

Na rufe ido in yi addu'ar abinci, don na saba. Ina cewa "Uba", bakina ya tsaya. Tabarmar nan na gani. Na fashe da kuka, na ce, "Yesu, na zama Danjuma. Ka cece ni."

Na ɗauki makullin na garzaya don kai ta asibiti, na iske ta zaune a matakala, idonta na kan hanya.

Ga ta can a layi na uku, lafiya lau. Da Danjuma ya kira don godiya, na gaya masa ko 'yar wa ce ni. Sai ya fashe da kuka.

Na gode wa Ubangiji da ya kwance ni. Wanda ke riƙe da irin nawa, ya miƙa wa Yesu tun kafin wayarsa ta yi ƙara. Amin.