Shafin Farko

A bencin jira na wani ofishi a Ndola, Namwinga ta rasa yadda za ta yi. Takardu huɗu ne a wayarta, ma'aikaci ya ce sai ta haɗe su sun zama fayil ɗaya na PDF kafin a duba maganar gidan da dangin marigayi mijinta ke neman ƙwacewa. Wani tsoho makaho a gefenta ya ji tana tsaki.

"Turo min su, 'yata. Wayata tana haɗa PDF."

"Baba, kai da ba ka gani?"

"Ke mai ganin, kin haɗa?"

Ta tura. Wayarsa mai magana ce, sai ta shiga karanto sunayen takardun da ƙarfi: ta aure, ta gida, ta haihuwar yara, ta mutuwa. Mutanen benci suka sunkuyar da kai.

"Rage muryar mana, Baba!"

"In na rage, da me zan gani? Ta mutuwar zan sa a sama."

"A'a, ta aure. Shekara goma sha tara muka yi tare kafin ya rasu."

"Nan ba tarihi suke karantawa ba. Shafin farko suke leƙawa, in ba su ga mamaci ba su ture gefe."

"Ba zan fara da mutuwarsa ba, Baba."

"Ni ma haka na ce da matata ta rasu. Takardar aurenmu na sa a sama." Ya shafa fuskar wayar. "Wata bakwai ke nan ina ɗumama bencin nan."

Namwinga ta kalli ƙofar ofishin.

"Sa ta mutuwar, Baba."