Tafin da Injiniya Bai Ɗauka Ba

Assalamu alaikum. Malam liman, shugaban ƙungiyarmu ta masu haɗa kiɗa, Hajiya mahaifiyarsa, matarsa Maman 'Yan Biyu, 'yan uwa da abokan aiki, ina gaishe ku da haƙuri. Ku yafe mini wannan kai-kawo da nake yi, tun da Injiniya ya rasu zama ya gagare ni.

Ya kasance mai gyaran rediyo da lasifika, mu kuma kullum muna cunkushe a shagonsa. Shekara huɗu ke nan da ya tsinto wani tsohon injin ganga cikin tarkace, akwati mai maɓalli goma sha shida, kowanne da sautinsa, irin wanda aka daina ƙerawa tun kafin a haife mu. Ya ce zai kwashe muryarsa ya zuba a manhaja, duk mai kwamfuta ya samu kyauta. Muka yi masa dariya.

Ya kasance mai taurin kai, kuma na sha faɗa masa a gabansa. Injin nan in ya ɗau zafi, bugunsa yakan ɗan ja ƙafa. Na ce, "Injiniya, gyara wannan a manhajar mana." Ya zare tabarau ya ce, "Kai, ganga kake so ko agogo?" Wata biyar ya yi yana koya wa kwamfuta jan ƙafar nan.

Sauti goma sha biyar ya gama, saura sautin tafi kaɗai, sai ciwo ya kwantar da shi. A gadon asibiti ya gaya mini batirin injin ya fashe yana cin wayoyinsa, da ƙyar injin zai ƙara wata guda yana aiki. Yau kwana ashirin da uku da faɗa mini haka.

Maman 'Yan Biyu, makullin shagon yana hannunki. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanki ina juyawa, kunya ta hana ni sallama. Na san ba ki son a taɓa ko sukudirebansa, kuma kina da gaskiya, akwatin nan ya ƙwace miki shi shekara huɗu. Awa ɗaya muke roƙo. Ki zo da kanki, ke za ki danna maɓallin tafin, mu namu ɗaukar sautin kawai. In kin ce a'a, wallahi ba mai sake tambayarki, mu saki sha biyar ɗin haka.

Na gode da kuka saurare ni. Allah Ya jiƙan Injiniya, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya 'yan biyu, Ya ba Hajiya haƙuri. Ni kuma Allah Ya yafe mini, da na zo makoki da roƙo a bakina. Amin.