Kwalbar Ruwa a Ƙofar Majalisa

A bencin ƙofar majalisa wata tsohuwa ta zauna rungume da kwalbar ruwa mai dauɗa. Wani masinja ya zauna gefenta.

"Inna, wa kike jira?"

"Masu binciken kuɗin tsabtace kogi. Wai an gama aikin, alhali ga abin da jikata ke sha. Yanzu haka tana asibiti."

"Ayya, sun tafi hutu. Sai bayan damina."

"Hutu? Cikin yarinyar fa, wa zai ba shi hutu?"

Masinjan ya miƙa hannu.

"Kawo, Inna. Ni nake jera musu ruwa a tebur ranar zama."

Ta goge murfin da bakin mayafinta kafin ta ba shi.

"Ka girgiza shi tukuna, ɗana. In ya daɗe a ajiye, dattin kwanciya yake yi, sai su ga kamar mai kyau."