Masu Gaishe da Baba a Waya

La'asar ce, ana yayyafi. Muna fake a rumfar tasha sai wani dattijo ya miƙa wa wata mai goyo wayarsa.

"'Yata, taimaka ki tura wa mutanen nan kuɗin fanshona. Duk wata suna ninkawa."

"Baba, me suke sayarwa?"

"Ban tambaya ba. Ni kaɗai suka zaɓa."

Ta nuna masa tata wayar. "Ni ma ni kaɗai suka zaɓa. Bar kuɗinka a banki, ko ka sayi tunkiya."

"Amma kullum da safe sai sun kira sun tambayi lafiyar ƙafata. 'Ya'yana ma ba sa yi."

"Ya sunan babban ɗanka?"

Ya faɗa mata. Ta nemo lambar a wayarsa, ta kira, ta kara masa a kunne, ta gyara goyonta ta shiga mota.