Wadarin Inna a Kumasi

Kuɗin hanyata akuyar Inna ce. Shekarar da nasara ya matsa ma Arewa da lanho, wato haraji, tas sai da ita kasuwar Kore Mairuwa, tad damƙa mini kuɗin, ta haɗa da wadari guda, zaren da ta kaɗa da hannunta. "In ka zauna, ka saƙa mini zane," tac ce.

Ku samarin yanzu ba ku san wadari ba. Dogon zaren nan ne da ake miƙewa kafin saƙa. Da an sa mishi ƙullu don ya yi ƙarfi, ya zama tuwon gara da ɓera. Sai a naɗe shi cikin fata da toka da barkono, a rataye sama.

Kumasi kuwa ruwa ba ya fashi. Kowa ka gamu da shi sai ya ce "akwaba". Ni na ɗauka kwabo suke roƙo, ina ta riƙe aljihu, ashe maraba ce! Nis sauka Zango wurin wani Baba Salifu, mai rumfar masaƙa, mai fataucin goro. Kullum ina bisa saƙarshi, zanen Inna sai gobe.

Ya aike ni ƙauye da kaya. Da nid dawo, nit tarad da ɗakina cike da huhun goro, ƙunshina yashe ƙasa inda ruwa ke zuba. Nib buɗe, gara ta gama.

"Baba, wa ya sauke mini wadari?"

"Ɗakin naka ne ko nawa?"

"Zaren uwata ne fa."

"Uwar taka na biyan haya? Kai, bushiman!"

Wai ɗan daji ke nan. Masaƙa sunka yi dariya. Damanar nan anka aiko mini Inna ta rasu.

Gab da Salla Baba Salifu ya zuba duk jarinshi cikin alharini, yac ce in yi wadari in adana. Na yi. Na kwaɓa ƙullun da garin ƙuli-ƙuli, ban sa toka ba, ban sa barkono ba. Na rataye sama yadda ya kamata, sai dai na jingine gora daga ƙasa har bakin fatar. Ɓerayen Kumasi ba su buƙatar a kira su.

Na iya gudu, amma nit tsaya, don in ga idonshi. Ran da ya kwance ƙunshin, jan zare ya zubo gutsi-gutsi kamar gashin kaza. Ya zauna ƙasa daɓas.

"Ɗan Arewa, mi ya faru?"

"Ɗakin naka ne, Baba. Ɓerayen ma naka ne."

Nid dawo garinmu Kieshe da bargo ɗaya da ƙafafu kumbure. Bayan shekaru wani ɗan goro ya zo Dogon Dutsi da saƙo, wai Baba Salifu na kwance, shina roƙon mu yafi juna. Nic ce a gaya mishi ina tunani.

Har yau ina tunani.